Tarihin Kalmar "Qualify": Daga Tambayar Masana Zuwa Bakin Ƙofar Hukuma

Shekarun baya na halarci taron shekara-shekara na wata ƙungiyar adashin ma'aikata da nake ciki. An jera kujerun roba a ƙarƙashin rumfa, an raba lemo da ruwan leda, sakatare ya miƙe riƙe da rahoton mai binciken kuɗi. Rahoton da Turanci yake, shi kuma yana karantawa yana juya mana shi zuwa Hausa. Da ya iso inda aka rubuta cewa mai binciken ya ba da "qualified opinion", sai ya ɗago kai yana murmushi ya ce, "Jama'a, an ce lissafinmu ya cancanta." Wuri ya kaure da tafi. Wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin akanta yana zaune kusa da ni, hannayensa a kan gwiwa, ko motsi bai yi ba. Ya sunkuyo ya ce, "Malam, ka san abin da ake yi wa tafi? Cewa aka yi akwai rasiɗan da aka nema ba a gani ba."

Gaskiyar dattijon ce. A bakin masu binciken kuɗi, wannan magana tana nufin "na yarda da lissafin, amma ban da kaza da kaza." Rahoto mai tsabta shi ake kira "unqualified", kalmar da in aka jingina ta ga likita sai ka ɗauki takalminka ka gudu. Kalma ɗaya ce take nufin cancanta a nan, take nufin togaciya a can, kuma ba da gangan Turawa suka yi haka don su rikita sakatarenmu ba. Tafiya ce mai nisa kalmar ta yi, kowane zango ta kwana sai ta tashi da ƙullin kaya.

Kalmar gida biyu ce. Kanta daga "qualis" yake, wato "wane iri?" a harshen Latin na mutanen Rum. Wutsiyarta kuwa, wannan "fy" ɗin, guntun da ya rage ne na "facere", wato "yi" ko "mayar". In aka haɗa, ma'anar farko ita ce mayar da abu wani iri, ko kuma faɗin irinsa. Masana asalin harsuna sun nuna cewa "qualis" kakansu ɗaya da kalmomin tambaya na Turanci irin su "what" da "who", shi kuma "facere" kakansu ɗaya da "do". Wato da Bature ya aro kalmar, 'yar uwarsa ce ta dawo gida da baƙin kaya bai gane ta ba.

A fara da kan. Mutumin Rum na kasuwa yana tambayar "qualis" kamar yadda za ka tambayi mai hatsi, "Wane irin gero ne wannan?" Ba shi da suna na wannan "irin" ɗin, kuma bai ji yana bukata ba. Masana falsafar Girka ne suka fara bukata. Aflaton, a littafinsa Theaetetus, ya ƙera kalmar "poiotes" daga kalmar tambaya ta Girkanci, har ya sa Sukurat, mai magana a cikin littafin, ya ba da haƙuri saboda baƙuncinta a kunne. Almajirinsa Aristotal ya zo ya kasa duk abin da za a iya faɗa game da abu gida goma, ya sa wannan a cikinsu, kusa da tambayar "nawa?" da "ina?" da "yaushe?"

A shekara ta 45 kafin haihuwar Annabi Isa, Sisero, babban lauya kuma ɗan siyasar Rum, yana cikin halin da ba a so. Kaisar ya riƙe mulki, majalisar da ya saba baje kolinsa ta zama hoto, ga kuma rasuwar 'yarsa Tuliya a farkon shekarar. Sai ya koma gidajensa na bayan gari ya duƙufa kan rubuta falsafar Girkawa da harshen Latin. A littafinsa Academica ya ci karo da "poiotes", ya duba rumbun harshensu bai ga abin da zai ɗauke ta ba, sai ya yi abin da Aflaton ya yi: ya ɗauki "qualis" ya ɗaura mata wutsiyar suna, ta zama "qualitas". Shi ma sai da ya nemi uzuri, yana mai cewa ko a wurin Girkawa ba kalmar talakawa ba ce. Daga wannan kalma da aka haifa da ban haƙuri "quality" ta fito, wadda yau ake bugawa a jikin kowane buhun shinkafa.

Abin da ya fi burge ni a nan shi ne wannan dabara ta sake faruwa a Bagadaza, kuma ta wannan hanyar ta iso mana tun kafin Bature ya san hanyar Kano. Da aka fassara littafin Aristotal zuwa Larabci, aikin da ake jingina wa Ishaƙ ɗan Hunainu wanda ya rasu wajen shekarar 910, Larabawa sun bi sawun nan: daga "kaifa" aka sami "kaifiyya", daga "kam" aka sami "kammiyya". Duk wanda ya zauna a zaure ya ji malam yana cewa "kaifiyyar alwala" ko "kaifiyyar sallar jana'iza", ko ya ji masu karatun tauhidi suna "bila kaifa", to ya ji takwarar kalmar Sisero. Bahaushe bai yi wannan wahalar ba. Yana da "iri" da "hali" da "yanayi", ya kuma aro "sifa", suka ishe shi.

Sai wutsiyar. A harshen Latin, in kalma ta shiga bayan wata, wasalinta yakan raunana, don haka "fac" ya koma "fic". Daga nan aka sami aikatau masu ƙarewa da "ficare". Marubutan Rum na farko suna da su, irin su "aedificare", gina gida, amma ba su cika yawan ƙera sababbi ba. Kiristocin farko ne suka buɗe wa wutsiyar ƙofa. Suna fassara littattafansu daga Girkanci, suna cin karo da aikatau da ke nufin "mayar da abu mai tsarki" ko "mayar da shi mai ɗaukaka", sai suka riƙa ɗaura "ficare" a bayan sifa: "sanctificare", "glorificare", "justificare". Fassarar Baibul da Jerom ya yi daga wajen shekarar 382 zuwa 405, wadda cocin Yammacin Turai ya riƙe sama da shekara dubu, ta zaunar da su daram.

Mai jin Hausa ba zai sha wahalar gane wannan ba, don muna da irin wutsiyar. Daga "sabo" muka ce "sabunta", daga "gajere" muka ce "gajarta", daga "tsoro" muka ce "tsorata". To amma a lura da wani abu. Wanda ya sabunta ɗaki, ya mai da shi sabo da hannunsa. Wanda ya ƙaryata labari kuwa, bai mai da shi ƙarya ba, cewa ya yi ƙarya ne. Haka "gaskata", haka "kafirta". Wutsiya ɗaya tana aiki biyu, wani lokaci yi, wani lokaci faɗa. Wannan harshen damo yana nan a "ficare", kuma a Turai sai da ya raba coci. Agustin, babban malamin Kirista na Arewacin Afirka, wanda garinsa Hippo yake inda Annaba ta Aljeriya take a yau, ya dubi "justificare" ya ga "facere" a cikinta, ya fahimce ta da cewa Allah yana mayar da mutum mai adalci. Bayan shekara dubu da ɗoriya, Martin Luther da almajiransa suka koma ga kalmar Girkanci suka ce magana ce ta kotu, alƙali ne yake ayyana mutum a matsayin marar laifi. Taron malaman Katolika na Trent ya fitar da matsayarsa a 1547, ya tsaya kan cewa canji ne na haƙiƙa a cikin mutum. Sauran dalilan rabuwar suna da yawa, na siyasa da na kuɗi, amma wannan yana cikin manya.

Ita "qualificare" ba a Rum ta dā aka haife ta ba. 'Yar makaranta ce, ta tsakiyar zamani, lokacin da jami'o'i irin na Paris da Oksford suke koyar da manɗiƙin Aristotal da harshen Latin. Ma'anarta a can ita ce jingina wa abu sifa, abin da za mu ce "siffanta". Wannan ma'ana tana nan da ranta a ajin nahawu, inda malamin Turanci yake cewa sifa ita ke "qualify" suna. Tana nan kuma a Faransanci, inda in ka kira mutum ɓarawo za a ce ka yi masa "qualifier" da ɓarawo, kuma a Sifaniyanci, inda "calificar" take nufin malami ya ba ɗalibi maki.

Ko a wannan zango siffantawa ba wasa ba ce, in mai siffantawar yana da iko. Kotun binciken aƙida ta cocin Katolika tana da malamai da ake kira da wannan suna, masu siffantawa, aikinsu a kawo musu magana su faɗi irinta: wannan kuskure ce, wannan ganganci ce, wannan bidi'a ce. Ranar 24 ga Fabrairun 1616 malamai 11 a birnin Rum suka duba maganar cewa rana tana tsaye a tsakiya ba ta motsi, suka siffanta ta da wauta a falsafa da bidi'a a addini. Bayan kwana biyu aka kira Galileo aka gargaɗe shi ya bar ta. Ba su taɓa rana ba, ba su taɓa ƙasa ba, suna kawai suka sa wa magana, sunan kuma ya bi mutumin har shari'arsa ta 1633 da ɗaurin talalar da ya mutu a ciki.

Hanyar shigarta Turanci sananniya ce. A 1066 Wiliyam na Normandi ya ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da kotu na ƙarnoni. Sai a 1362 aka yi dokar da ta ce a riƙa yin shari'a da Turanci, dokar da ita kanta da Faransanci aka rubuta ta. A bakin Faransawa "ficare" ta riga ta sauɗe ta koma "fier", Ingilishi kuma suka ƙara gutsure ta ta koma "fy". Ta haka "purify" da "justify" da "signify" da 'yan uwansu suka kwararo. Amma sunayen da aka ciro daga gare su sun riƙe tsohuwar siffa, shi ya sa ake da "qualify" a gefe guda da "qualification" a ɗaya gefen, "fic" ɗin yana nan a tsakiya bai je ko'ina ba. Mu ma mun karɓi rabonmu ba tare da mun sani ba. "Satifiket" yana ɗauke da shi, haka ma "ofis", wanda asalinsa "officium", wato yin aiki.

A ƙarni na 15 "qualify" ta bayyana a rubutun Turanci da ma'anarta ta makaranta. A ƙarni na 16 ta yi rassa biyu, kuma su ne suka haɗu a rumfar taronmu.

Reshe na farko shi ne na ragewa. In ka ce "doki", ka haɗa duk dawakin duniya. In ka ce "farin doki", ka fitar da mafi yawansu. Kowace sifa da ka ƙara, iyaka ka ƙara. Daga nan kalmar ta ɗauki ma'anar togaciya, wato ka faɗi magana sannan ka bi ta da "amma" ko "sai dai". Likitancin zamanin ya ƙara mata ƙarfi. Likitocin Turai na lokacin, bisa koyarwar tsohon likita Jalinus, suna ganin komai yana da ɗabi'a cikin huɗu: zafi, sanyi, danshi, bushewa, kuma da sunan "qualities" suke kiransu. In abu ya cika zafi sai a karya shi da mai sanyi. Kalmar Hausa da ta yi daidai da wannan ita ce "sirka", kamar yadda uwa take sirka wa yaro ruwan wanka tana tsoma gwiwar hannu. A wasan Othello na Shekspiya, wanda aka rubuta a farkon shekarun 1600, Kasiyo ya yi amfani da kalmar a kan kofin giyarsa da aka sirka da ruwa. To rahoton mai bincikenmu yardar da aka sirka ce. Daga wannan reshen ne kotunan Amurka suka sami "qualified immunity", kariyar da ake ba jami'an gwamnati wadda ba cikakkiya ba ce, kuma Tarayyar Turai ta sami rinjayen da take kira "qualified majority", inda rabi da ɗoriya bai isa ba, sai an sami kashi 55 cikin 100 na ƙasashe masu ɗauke da kashi 65 cikin 100 na jama'a.

Reshe na biyu shi ne na cancanta, kuma shi ya fi tsawo. Farkonsa mai sauƙi ne: a ba mutum sifofin da aiki yake bukata. Ilimi yana "qualify" mutum, tarbiyya tana yi, gado yana yi. A nan mutum karɓau ne, wani abu ne yake yi masa. Abin da ya sauya kalmar shi ne shigarta hannun masu rubuta doka.

Bayan yaƙin basasa da dawowar sarauta a 1660, majalisar Ingila ta ƙudura cewa ba mai riƙe muƙami sai ɗan cocin gwamnati. Dokar 1661 ta rufe majalisun birane, dokar gwaji ta 1673 ta rufe ofisoshin gwamnati da na soja. A ƙarƙashin ta biyun, wanda aka naɗa sai ya yi rantsuwa, ya sa hannu kan takardar musun aƙidar Katolika game da gurasa da ruwan inabi, sannan cikin wata uku ya je cocin gwamnati ranar Lahadi ya karɓi Jibin Ubangiji. Bai ƙare ba. Sai ya karɓi takardar shaida mai sa hannun limamin cocin da na wakilin cocin, ya kai kotu tare da shaidu biyu da za su rantse sun gan shi da idonsu. Wannan zirga-zirga ita ake kira mutum ya yi "qualify" da kansa. Ɗan uwan sarki ma, Yakubu, wanda daga baya ya hau gadon sarauta, sai da ya ajiye shugabancin rundunar ruwa a 1673 saboda ba zai iya ba.

A yi tunanin ƙaramin jami'in kwastan a Landan, wanda shi da iyalinsa suke ibada a wata majami'ar da ba ta gwamnati ba. Ya zo ya durƙusa a gaban limamin da bai yarda da shi ba, shaidunsa biyu suna tsaye a baya kamar masu jiran a gama ciniki, ya karɓi gurasa, ya tashi ya bi layin sa hannu. Lahadi mai zuwa ya koma majami'arsu. Mutane da yawa haka suka yi, har abin ya sami suna, bin coci na lokaci-lokaci. A 1697 magajin garin Landan, Sir Humphrey Edwin, ya kai abin maƙura, ya tafi majami'ar 'yan waje, wato waɗanda ba sa bin cocin gwamnati, da kayan sarautarsa. Daniel Defoe, wanda daga baya ya rubuta Robinson Crusoe, shi ma ɗan waje ne, amma ya rubuta ƙasida ya caccaki masu wannan hali. Majalisa ta haramta dabarar a 1711, ta janye haramcin a 1719, dokokin gwajin kuwa suka zauna har 1828. Shekara ɗari da hamsin da ɗoriya Ingilishi suna amfani da kalmar a kan abin da kowa ya san bai taɓa zuciya ba, bai kuma taɓa iya aiki ba. A ganina a nan ne ta rabu da cancanta ta gaskiya ta koma cika sharaɗi.

Inda addini bai tsare ƙofa ba, dukiya ta tsare. Tun 1430 mai jefa ƙuri'a a gundumomin Ingila sai yana da gonar kansa mai kawo sule 40 a shekara, wato fam 2. Dokar farauta ta 1671 ta ce ba mai harbin zomo ko makwarwa sai mai ƙasar da take kawo fam 100 a shekara, ko da a gonarsa dabbar take ɓarna. Masanin shari'a William Blackstone ya lura da abin dariyar da ke ciki, cewa dukiyar da ake nema kafin mutum ya kashe makwarwa ta ninka sau 50 wadda ake nema kafin ya zaɓi ɗan majalisa. Masu izinin ana kiransu "qualified", sauran kuwa, ko sun fi kowa iya saiti, ɓarayin daji ne a idon doka, har zuwa 1831. A 1711 aka ce ɗan majalisa mai wakiltar gunduma sai yana da ƙasa mai kawo fam 600 a shekara, mai wakiltar gari fam 300. Masu son kujera suka koyi aron takardar gona daga aboki ko lauya, a yi rantsuwa, a mayar wa mai ita. Soke wannan sharaɗi yana cikin bukatu shida da ƙungiyar ma'aikata ta Chartists ta fitar a 1838, kuma shi aka fara biya musu, a 1858.

Wannan shekara ta 1858 mahaɗa ce, don a cikinta aka yi dokar likitoci da ta kafa rajista, ta kuma ce wanda sunansa yake ciki shi ne likitan da doka ta sani. Shekara huɗu kafin nan rahoton Northcote da Trevelyan ya ba da shawarar a riƙa ɗaukar ma'aikatan gwamnati ta jarrabawa maimakon alfarma, aka kafa hukumar ɗaukar ma'aikata a 1855, gasar ta zama a buɗe a 1870. Gona ta sauka daga bakin ƙofa, takarda ta hau. Ci gaba ne, ba na musu, don ɗan talaka yana iya cin jarrabawa amma ba ya iya haifar wa kansa gandu. Sai dai masu tsaron ƙofar ba su tafi hutu ba. Elizabeth Garrett ta gano cewa ƙa'idojin ƙungiyar masu haɗa magunguna ta Landan ba su hana mace zama jarrabawa ba. Ta zauna a 1865, ta ci, ta zama mace ta farko da ta sami shaidar likitanci a cikin Birtaniya. Ƙungiyar ta gyara ƙa'idojinta don kada wata ta biyo ta wannan kafa. Sai a 1918 aka yi dokar da ta ba mata damar tsayawa takarar majalisa, a 1919 kuma wadda ta cire hanin jinsi daga aikin lauya da makamantansa, kuma duk biyun suna ɗauke da kalmar nan a sunayensu, ta farko "qualification", ta biyu "disqualification".

Da wannan ma'ana kalmar ta sauka a gaɓar tekunmu. Tsarin mulkin Clifford na 1922, wanda ya fara kawo zaɓe a Nijeriya, ya ba Legas kujeru uku, Kalaba ɗaya, kuma mai jefa ƙuri'a sai namiji baligi mai samun fam 100 a shekara. Jam'iyyar Herbert Macaulay ta kwashe kujerun Legas a zaɓen 1923. Arewa ba ta cikin lissafin ma, gwamna ne yake yi mata doka da sanarwa. Yau sashe na 131 na tsarin mulkin 1999 shi ke jera sharuɗɗan mai neman shugabancin ƙasa: ɗan ƙasa ta haihuwa, shekara 35 bayan gyaran 2018 da ya rage daga 40, ɗan jam'iyyar da ta tsayar da shi, da ilimi aƙalla matakin satifiket na sakandare ko makamancinsa. Duk wanda ya bi shari'o'in zaɓe ya san yawan tawadar da wannan sharaɗi na ƙarshe ya sha.

Akwai wani canji da ya faru a nahawun kalmar wanda ba a cika lura da shi ba. Da farko wani ne yake yi wa mutum: sarki, ko coci, ko ilimi. Daga baya aka koma cewa mutum ya yi wa kansa, kamar jami'in kwastan ɗinmu. A ƙarshe aka yar da "kansa" ɗin, aka bar "he qualified" tsurarta, kamar abu ne da ya tsiro a jikinsa. Wanda ya gindaya sharaɗin, da wanda ya duba takardar, da wanda ya buga hatimi, duk sun ɓace daga jimlar. Hausa ba ta yarda ta haɗe waɗannan ba. In muka ce mutum ya cancanta, hukunci muka yanke a kan ƙimarsa. In muka ce ya cika sharuɗɗa, kowa ya ji akwai wanda ya gindaya su. In muka ce an tantance shi, ga masu tantancewar nan a cikin "an". Shi ya sa Bahaushe yake iya cewa wane ya cika sharuɗɗa amma bai cancanta ba, maganar ta zauna lafiya, alhali mai Turanci sai ya yi kewaye kafin ya faɗe ta. Masu fassara a gidajen rediyo da suke mayar da kowace "qualify" ta zama "cancanta" suna ba hukuma kyautar da ba ta roƙa ba.

Ita kuwa wutsiyar ta ci gaba da yawonta ita kaɗai. Ingilishi suka daina tambayar ko kan kalma na Latin ne, suka riƙa ɗaura ta a kan duk abin da suka ga dama: "beautify" tun ƙarni na 16, "electrify" a ƙarni na 18 da aka fara wasa da lantarki, "speechify" don yi wa mai dogon jawabi ba'a. A 1964 masaniyar zamantakewa Ruth Glass ta ƙera "gentrification" don siffanta yadda masu hali suke mamaye unguwannin ma'aikata a Landan. A zamaninmu ta zama kayan ado na sunan kamfani, ga Spotify daga Suwidin, ga Shopify daga Kanada.

Zango na ƙarshe da kalmar ta yi, wanda ya kai ta bakin yaran da ba su taɓa buɗe ƙamus ba, filin wasa ne. Gasar kofin FA ta Ingila ta fara a 1871, da ƙungiyoyi suka yi yawa aka shigo da zagayen share fage a kakar 1888 zuwa 1889. Gasar cin kofin duniya ta farko, a Yurugwai a 1930, da gayyata aka je, ƙasashe 13. A ta 1934 aka fara wasannin neman gurbi, har mai masauƙin baƙi Italiya sai da ta buga, ta ci Girka 4 da nema kafin a bar ta ta shiga gasar da ake yi a gidanta. Masar ce ta wakilci Afirka a waccan shekara. Nijeriya ta jira har ranar 8 ga Oktoban 1993, da aka tashi 1 da 1 da Aljeriya a birnin Aljiyas, Finidi George ya ci mana, aka sami tikitin zuwa gasar da aka yi a Amurka.

Mai sharhin wasanni a rediyo yana cewa "sun samu gurbi" ko "sun tsallake", kuma ya yi daidai. A gidan kallon ƙwallo kuwa, inda janareta yake ruri a waje, benci ya cika, mai gida yana bi yana karɓar kuɗin shiga, ba wanda yake da lokacin wannan. Alƙalin wasa yana hura tashi za ka ji yaro ya daka tsalle yana ihu, "Wallahi mun yi kwalifai!" Ya sa wa kalmar "yi" a gaba, ga kuma "yi" ɗin mutanen Rum maƙale a wutsiyarta.